Wa Ke Cinye Mini Lambu? Tambayoyi da Amsoshi Kan Dabbobi Masu Ɓarna

Mai lambu a bayan gida yakan wayi gari ya tarar alayyafon da ya yi wa ban-ruwa jiya ya koma kara zalla, ko tumatir duk ya huje. Da yawanmu daga nan sai kasuwa, a sayo guba. Wannan gaggawa ce. Kowace dabba da irin ɓarnarta, kuma abin da ke tsare akuya ba ya tsare gafiya.

Ta yaya zan gane dabbar, alhali ban gan ta ba?

Duba bakin inda aka ci. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, don haka fizgar ganye suke yi. Za ka ga reshe a yage, wani lokacin ma an tumɓuke shukar har saiwa. Zomo kuwa yankan tsaf yake yi, a karkace, kusa da ƙasa, kamar an sa reza. Ɓera da gafiya suna barin sawun haƙora biyu a jere a jikin karas, dankali ko kokwamba. Kaza tononta ya fi cinta ɓarna: ta watsa fangalin da aka yafa iri, ta bar saiwoyi a waje rana ta ƙona su. Rami ɗan ƙarami mai zurfi a jikin nunannen tumatir aikin tsuntsu ne. In kuwa ganyen latas ya huje kuma ga wani layi yana sheƙi a kansa, dodon koɗi ne ya bi ta nan da dare.

In har yanzu kana shakka, tankaɗe toka ko lallausan yashi ka barbaɗa a kewayen fangali bayan magariba, ka dawo da asuba kafin kaji su fito. Kofato mai tsaga biyu, ka san mai shi. Sawun ƙananan yatsu da alamar jan wutsiya a tsakani, na gafiya ne ko ɓera.

Na shuka gyaɗa da wake, washegari na tarar an tone irin. Gafiya ce ko kurege?

Lokaci ne zai raba maka gardama. Kurege da rana yake fita, gafiya sai dare ya yi. Gafiya tana da 'yar jaka a kumatunta, tana cusa abinci ta kai rami ta tara, shi ya sa ba ka ganin ɓawo ko ragowa a wurin. Nemi raminta a gindin katanga, ƙarƙashin tarin itace ko bakin kwata. Ka kuma tuna, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: juji, tsaki da aka bar wa kaji ya kwana, da ciyawa mai duhu kusa da lambu, su ke kiran su. A share waɗannan tukuna, sannan a ɗana tarko a hanyar da suke bi, da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi.

Wane shinge ne ke tsare awaki da gaske?

Darnin kara yana da arha, amma da rani shi kansa abinci ne, gara ma tana cin sa. Zana ta fi shi, sai dai dole a ɗaure ta da dirkoki masu ƙarfi, domin akuya jingina take yi tana soshe-soshe har ta buɗe kafa. Wanda ke da hali ya sa ragar waya mai tsayin mita 1.5. Ga abin da ake yawan mantawa da shi: gindin ragar. A binne kamar santimita 30 a ƙasa, a lanƙwasa bakin zuwa waje, saboda mai tono ya ci karo da waya. Ƙofa kuma ta zama mai rufe kanta ko mai sakata, don yawancin awaki ta ƙofar da yaro ya bari a buɗe suke shiga.

Ni dai na fi son shinge mai rai. Aguwa da bini-da-zugu tun kaka da kakanni ake kewaye gonaki da su, reshe kawai ake dasawa ya kama, kuma awaki ba sa son su. Amma a gidan da ke da ƙananan yara a yi hattara: ƙaron aguwa yana ƙona ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne in an ci.

Akuyar maƙwabci ce ta yi ɓarnar. Wa ke da alhaki?

A ƙauyukanmu ana ɗaure dabbobi da damina, a sake su bayan kaka, wato daidai lokacin da lambun rani ke tasowa. Akwai hadisin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, inda Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Kada ka doki dabbar, kada ka sa mata guba. Ka yi wa mai ita magana, in abin ya ƙi, a je wurin mai unguwa.

Mutum-mutumi yana korar tsuntsaye?

Na 'yan kwanaki, sannan su saba har su riƙa sauka a kansa. Tsohon faifan CD da leda mai ƙyalli ma haka, sai an riƙa sauya musu wuri. Raga ce ke aiki. Tsohon gidan sauro da ya tashi daga aiki yana rufe wurin rainon iri, a wanke shi, a ɗaga shi a kan sanduna kada ya taɓa ganye. Kada dai a cire wanda yara ke kwana a ciki. Tumatir kuwa a tsinke shi da zarar ya fara ja, zai ƙarasa nuna a inuwa.

Ruwan barkono fa?

Yana damun zomo da ɓera, amma tsuntsaye ba sa jin zafin barkono ko kaɗan. Ban-ruwa ɗaya ko ruwan sama yana wanke shi, sai an maimaita.

Me ya sa ba za a sa guba a huta ba?

Domin lambun yana cikin gida. Abin da aka ajiye wa gafiya, kaza za ta tsattsaga, kyanwa za ta ci ɓeran da ya mutu, yaro mai rarrafe kuma ba ya tambaya. Fesa fiya-fiya a kan ganyen da za a yi miya da shi gobe, wannan ganganci ne da rayukan iyali. Ko da tarko aka kama ɓera, kada a ɗauka da hannu tsirara. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma ya fi tashi da rani. A sa leda a hannu, a binne mushen da zurfi, a jefar da duk abin da ɓera ya gutsura, sauran a wanke sosai.

Akwai waɗanda ake zargi a banza?

Akwai, kuma abin yana damuna. Jaɓa tana da wari, amma ƙwari take ci, ba ruwanta da kabejinka. Bushiya da kwaɗo suna kwana suna tsince tsutsa da dodon koɗi. Mujiya da ake jifa saboda camfi, ɓeraye take farauta duk dare. Ƙadangare ma yawancin abincinsa tururuwa ne da gara, ko da yake in zafi ya tsananta yakan ɗan gutsiri sabon tsiro. Maganinsa rufe tsiron da raga ko tsohon kwando har ya yi ƙwari, mako biyu zuwa uku, daga nan sai a buɗe.