Waiwaye: Muhawarar ko Yahudawa za su samu ceto

A watan Disambar 2015 Fadar Vatican ta fitar da wata takarda da ta ce Cocin Katolika ba ta gudanar da wani shiri na musamman don jawo Yahudawa cikin Kiristanci, kuma ba ta goyon bayan irin wannan shiri. Wanda bai san inda aka faro ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Alhali kusan shekara dubu biyu aka kwashe ana wannan ja-in-ja.

Tushen yana wasiƙar Manzo Bulus ga Romawa, sura ta 9 zuwa ta 11. Bulus Bayahude ne, kuma abin ya dame shi: mutanensa da yawa ba su karɓi Yesu ba, to ina makomarsu? Ya ƙare da cewa Isra'ila duka, wato al'ummar Yahudawa, za ta tsira, domin Allah ba ya janye kiransa. Sai dai magabatan Coci sun fi karkata ga wata fahimtar, wato Coci ta gaji matsayin Isra'ila. A ƙarni na 3 Cyprian na Carthage ya ce babu ceto a wajen Coci. Augustine, wanda ya rasu a 430, ya ce a bar Yahudawa su rayu a warwatse su zama shaida ga gaskiyar littattafan da suke riƙe da su. Wannan ra'ayi ya kare rayuka, amma kariya ce mai haɗe da ƙasƙanci.

Daga nan sai abin ya ƙara tsauri. Babban taron shugabannin Coci na Lateran a 1215 ya wajabta wa Yahudawa da Musulmi da ke ƙasashen Kirista sa tufafin da za a bambance su da shi. Taron Florence a 1442 ya kira Yahudawa da suna cikin waɗanda ba su da rabo a rai madawwami muddin ba su shiga Coci ba kafin mutuwa. Martin Luther, jagoran Furotesta, shi ma ya fara da tausasawa a 1523, yana sa ran za su bi shi. Da ba su bi ba, a 1543 ya yi rubutu yana kira a ƙone wuraren ibadarsu.

A ganina ba sabon nassi ne ya juya akalar ba, kisan Yahudawa miliyan 6 a hannun 'yan Nazi ne. Jules Isaac, masanin tarihi Bayahude ɗan Faransa wanda matarsa da 'yarsa suka mutu a wannan kisa, ya duƙufa yana bin diddigin yadda koyarwar Coci ta shuka raini. Ya halarci taron Seelisberg a Switzerland a 1947, ya kuma gana da Fafaroma John na 23 a 1960. Shekara guda kafin ganawar, Fafaroman ya riga ya cire kalmar da ke siffanta Yahudawa da rashin imani daga addu'ar Juma'ar tunawa da gicciye Yesu. Ranar 28 ga Oktoban 1965 sanarwar Nostra Aetate ta Cocin Katolika ta ce kada a ɗora alhakin mutuwar Yesu kan Yahudawa baki ɗaya, kada kuma a nuna su a matsayin la'anannu. A 1980 a birnin Mainz na Jamus, Fafaroma John Paul na 2 ya kira su mutanen tsohon alkawarin da Allah bai taɓa warwarewa ba.

To amma ƙullin bai kwance ba. Takardar 2015 ta ƙi yarda cewa hanyoyin ceto biyu ne, ta Yahudawa daban, ta Kirista daban. Ta ce Yahudawa suna da rabo a ceton Allah, amma yadda hakan zai yiwu ba tare da sun shaida Almasihu ba asiri ne na Ubangiji. Majami'un bishara da dama ba su gamsu ba. Tun 1996 'yan ƙungiyar Southern Baptist ta ƙasar Amurka suka zartar da ƙudurin ƙara himma wajen yi wa Yahudawa wa'azi.

A Musulunci muhawarar ta ta'allaƙa ne kan aya ta 62 a Baƙara, wadda ta yi wa Yahudawa da Nasara masu imani da Allah da Ranar Lahira da aikin ƙwarai alkawarin lada, da aya ta 85 a Ali Imrana da ta ce ba a karɓar addini sai Musulunci. Jumhurun malaman tafsiri sun ce ta farko tana nufin waɗanda suka bi annabawansu kafin aiko Annabi Muhammadu (SAW). Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi uzuri ga wanda saƙon bai kai gare shi ba, ko ya kai masa a gurɓace.

Su kuwa Yahudawan, tuni malamansu suka ce dukan Isra'ila na da rabo a duniya mai zuwa, in ban da wasu 'yan rukunai da suka lissafa. Tambayar da suka tattauna ita ce ta sauran al'ummai, kuma babban malaminsu Maimonides, wanda ya rasu a 1204, ya ce wanda ba Bayahude ba yana da nasa rabon idan ya kiyaye dokoki bakwai na zuriyar Annabi Nuhu don Allah ne ya umarta.