Ɗanɗana farar giyar inabi da tantance shekarar girbinta

Ɗanɗana giyar inabi tsohuwar sana'a ce a ƙasashen da ke noman inabi, irin su Faransa da Jamus da Italiya, inda ƙwararru ke auna darajar giya da ido da hanci da harshe. Shekarar da ake bugawa a jikin kwalba ita ce shekarar da aka tsinke inabin, ba wadda aka ɗura giyar ba. A dokar Tarayyar Turai, sai aƙalla kashi 85 cikin ɗari na inabin ya fito daga girbin wannan shekara kafin a rubuta ta.

Abin da ya sa ake damuwa da shekara shi ne yanayi. Gona ɗaya, manomi ɗaya, amma girbin bana da na bara sukan sha bamban. Idan zafi ya yi yawa, sukari ya taru a cikin 'ya'yan, tsami ya ragu, sai giyar ta fito da nauyi, ba ta da kaifi. Idan kuma sanyi ya zarce, inabin ba ya nuna sosai. A watan Afrilun 2021 sanyi mai daskarewa ya afka wa gonakin Chablis a yankin Burgundi na Faransa, har manoma suka kwana suna kunna kyandirori tsakanin kunyoyi don ceton tohon, amma duk da haka girbin ya ragu ƙwarai. Tsami shi ne ƙashin bayan farar giya, shi ke ba ta damar daɗewa a kwalba ba ta lalace ba.

Mai ɗanɗano yakan fara da duban launi a gaban farar takarda: sabuwar giya fara ce mai ɗan kore, tana tsufa tana komawa ruwan zinariya. Sai ya jujjuya kofin gilashin ya shinshina. Warin jiƙaƙƙen kwali alama ce ta cewa murfin kwalbar ya ɓata giyar. Daga nan ya kurɓa, ya zagaya da ita a baki, ya tofar, domin mai gwada kwalabe da dama a yini ba ya haɗiyewa. Abin da ya fi lura da shi shi ne daidaito tsakanin tsami da zaƙi, da kuma tsawon lokacin da ɗanɗanon ke zama a harshe.

Babban rauni a sana'ar shi ne suna, domin sanin gonar da giya ta fito yana jan hukuncin mai gwaji. Shi ya sa ake ɓoye sunayen kwalabe, kuma babu misalin da ya kai na Paris a ranar 24 ga Mayu, 1976. Wani ɗan kasuwar giya ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara, ya sa musu fararen giya goma na inabin Chardonnay, shida daga Kalifoniya a Amurka, huɗu daga Burgundi, kowanne a ba shi maki cikin 20. A lokacin kusan babu wanda ke tunanin giyar Amurka za ta iya kama ƙafar ta Faransa. Da aka haɗa maki, Chateau Montelena ta girbin 1973 daga kwarin Napa na Kalifoniya, wadda Mike Grgich ya haɗa, ita ta zo ta ɗaya, Meursault Charmes ta gidan Roulot a Burgundi, ita ma ta 1973, ta bi mata.

Da sakamakon ya fito, ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida ɗaya tilo ya halarci wurin, George Taber na mujallar Time, kuma ta bakinsa labarin ya bazu. Kwalba ɗaya ta Montelena 1973 tana ajiye yanzu a gidan tarihin Smithsonian da ke birnin Washington.