Ma'anar "siffa daga motsi" a ilimin gani

Hoton da ke sauka a cikin ido shimfiɗaɗɗe ne: akwai tsawo da faɗi, babu zurfi. "Siffa daga motsi" shi ne sunan da masana ilimin gani suka ba dabarar ƙwaƙwalwa ta gano zurfin abu daga yadda sassansa ke gusawa. Ko da ido ɗaya ake kallo, tana aiki.

Masu bincike Hans Wallach da O'Connell suka nuna hakan a 1953, kuma ana iya maimaita gwajinsu a gida. A samo wayar ƙarfe mai tsawon kamar santimita 30, a lanƙwasa ta sau uku, kowace gwiwa ta fuskanci wani gefe daban. A rataye farin ƙyalle a ɗaki mai duhu, a ajiye tocila nesa a bayansa, wayar kuma a tsakaninsu, dab da ƙyallen, don inuwarta ta faɗa a kansa. Idan wayar na tsaye cik, mai kallo daga gaba zane kawai yake gani. Da zarar an fara juya ta a hankali, sai inuwar ta tashi ta zama abu mai gaba da baya.

Gwajin yakan ƙi. Miƙaƙƙiyar waya da ke juyawa a kwance, inuwarta sai dai ta yi ta tsawo tana gajarta, zurfi ba ya fitowa, domin dole layin inuwar ya riƙa sauya tsawo da karkata a lokaci guda. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar cewa abin ƙaƙƙarfa ne, ba ya miƙewa kamar roba, sai ta nemi siffar da za ta dace da sauyin. Shimon Ullman ya tabbatar da lissafin a 1979: ɗigo huɗu da ba a shimfiɗa ɗaya suke ba, a hotuna uku, sun isa a gano siffar abin.

Ba sai motsin ya zama na gaske ba. Fim hotuna ne tsayayyu, 24 a daƙiƙa, amma zurfin yana fitowa. Cesare Musatti ma ya bayyana a 1924 cewa da'irori da aka zana cikin juna a kan faifai, cibiyoyinsu a goce, idan faifan ya juya sai a ga mazurari.

Abin da inuwar ba ta faɗa shi ne wane gefe ke kusa. Shi ya sa in aka daɗe ana kallo, wayar takan yi kamar ta sauya alƙibla, alhali mai juya ta bai sauya hannu ba.