Waiwaye: Maƙabartar sojojin Afirka a ƙauyen Chasselay

Wanda ya bar birnin Lyon na Faransa ya nufi arewa, bai yi nisa ba zai riski ƙauyen Chasselay. A bakin gonakinsa akwai wata katanga ja kamar an gina ta da jar ƙasa, irin ginin da ake gani a Mali. Ana kiran wurin Tata, kalmar da a Afirka ta Yamma take nufin ganuwa. Sojojin Afirka ta Yamma 188 na cikin waɗanda ke kwance a wurin.

Labarin ya faro ne a Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Jamus suka kutsa cikin Faransa. Ranar 17 ga watan, Marshal Pétain, shugaban gwamnatin Faransa na lokacin, ya shaida wa Faransawa ta rediyo cewa dole a dakatar da yaƙi, amma aka bar wata rundunar baƙaƙen fata da umarnin tare hanyar Lyon. Ana ce musu 'yan Senegal, alhali an kwaso su ne daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, yankin da Nijar ma take ciki. Ranar 19 suka gwabza da Jamusawa a gidan 'yan zuhudu mata na Montluzin. Washegari harsashi ya ƙare wa na Chasselay, suka miƙa wuya.

Abin da ya biyo baya kisan gilla ne. Jamusawa suka ware fararen fata gefe guda, suka kora baƙaƙen, kusan mutum 50, zuwa wani fili, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankokin yaƙi, suka bi ta kan wasu da tankokin. Kwana biyu bayan haka aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta. Kwana biyu kacal. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa sojojin Afirka 1,500 zuwa 3,000 aka hallaka ta irin wannan hanya a watannin Mayu da Yuni na wannan shekara.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne halin da mutanen ƙauyen suka nuna. Su suka tattara gawarwakin suka binne, suka adana 'yan takardu da lambobin da za a gane mamatan da su. Sai wani tsohon soja, Jean Marchiani, wanda ke kula da al'amuran tsofaffin sojoji a lardin Rhône, ya sayi filin, ya tara gudummawa ya gina maƙabartar. An buɗe ta ranar 8 ga Nuwamban 1942, yaƙi bai ƙare ba tukuna, har da ƙasar da aka ɗebo daga Dakar aka zuba a wurin.

Har yau kaburbura da dama ba suna a kansu. A 2019 aka gano hotunan da wani sojan Jamus ya ɗauka ranar kisan, suka nuna cewa rundunar tankoki ta 10 ce ta aikata shi. A Janairun 2025 kuma wasu suka shiga suka ɓata kaburburan da rubuce-rubuce, hukumomi suka shigar da ƙara.