Ƙura, Ambaliya da Ƙuri'a: Yadda Manoman Amurka Suka Kare Gonakinsu Tsakanin 1935 da 1960

Me ya faru har gwamnatin Amurka ta sa baki a kan yadda manomi zai yi huɗa a gonarsa?

Ƙasar ce ta fara guduwa, iska ta ɗauki wata, ruwa ya tafi da wata. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya alkama ta yi tsada, ga tarakta ta shigo, sai manoma suka auka wa manyan filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar, musamman inda jihohin Oklahoma, Texas, Kansas, Colorado da New Mexico suka yi iyaka, suka kife ciyawar da saiwarta ke riƙe da ƙasa. Da fari ya sauka a farkon shekarun 1930, babu abin da zai tare iska. Ranar 14 ga Afrilu 1935 guguwar ƙura ta mayar da rana dare a yankin, har yau Baƙar Lahadi ake kiran ranar. A kudu da gabas kuwa ruwa ne ya yi ɓarnar: shekara da shekaru ana shuka auduga da taba da masara a kan gangare, har gonaki suka tsattsage suka zama kwazazzabai.

Akwai wani masanin ƙasa ɗan jihar North Carolina, Hugh Hammond Bennett, wanda tun 1928 ya rubuta wa gwamnati cewa zaizayar ƙasa barazana ce ga al'umma baki ɗaya. A watan Maris na 1935 ƙurar ta yi tafiya har birnin Washington, daidai lokacin da yake neman 'yan majalisa su amince da ƙudirinsa. Gani ya kori ji. Ranar 27 ga Afrilu 1935 aka sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Kare Ƙasar Noma a ƙarƙashin ma'aikatar gona, shi ne kuma shugabanta na farko.

To, me aka ce manomi ya yi?

Abu na farko shi ne ya daina jan garma daga saman tudu zuwa gindinsa. Kunya ta bi kwancen gangare, ta zagaya tudun kamar ɗamara, yadda kowace kunya za ta tare ruwa ta ba shi lokacin nutsewa. Sai shuka layi-layi: faffaɗan layin masara, a bi shi da layin ciyawar dabbobi, don abin da ruwa ya kwaso daga masarar ya maƙale a ciyawar. Inda ruwa ya saba bi a bar masa hanya mai ciyawa. Tudu mai tsayi a mayar da shi makiyaya ko a dasa itatuwa. A yankin iska kuma aka dasa jerin bishiyoyi, wajen miliyan 220 tsakanin 1935 da 1942, daga iyakar Kanada har Texas.

Yadda aikin ke gudana shi ne malamin hukumar ya zo gona da hoton da aka ɗauka daga jirgin sama. Shi da mai gona su taka ta kusurwa-kusurwa, yana haƙa ƙasa yana murza ta a yatsu, yana rarraba filin aji-aji daga na 1, wanda za a noma ba fargaba, zuwa na 8, wanda ba ya ɗaukar noma ko kaɗan. Daga nan ya kafa na'urar awo, yaron gida ya riƙe sanda, a bi ana kafa turaku. Layin turakun nan ne garma za ta bi, ko da ya lanƙwashe sau goma.

Nan ake yin ta. Manomin wancan zamani da miƙaƙƙiyar kunya yake alfahari, karkatacciya kuwa alamar rago ce ko mashayi. Wanda ya fara huɗa mai lanƙwasa sai da ya sha dariyar maƙwabta. Shi ya sa aka fara da gonakin gwaji. Na farko shi ne na rafin Coon Creek a jihar Wisconsin, a 1933, inda manomi ke sa hannu a yarjejeniyar shekara 5, gwamnati ta ba shi iri da taki da wayar shinge, matasan shirin samar da aikin yi na Shugaba Roosevelt kuma su yi aikin ƙarfi.

In gwamnatin tarayya ce ke da kuɗi da ma'aikata, ina ruwan mutanen gari?

A ganina wannan ne mafi muhimmanci a labarin duka, ya ma fi dabarun huɗa. Jami'an Washington sun gane cewa ba za su bi gonaki kusan miliyan 7 ɗaya bayan ɗaya ba, kuma manomin Amurka ba ya son umarni daga sama. Saboda haka a watan Fabrairu 1937 Roosevelt ya aika wa gwamnoni samfurin doka da za ta bai wa manoma damar kafa gundumar kare ƙasa tasu ta kansu. Jihar Arkansas ce ta fara zartar da ita a watan Maris, gunduma ta farko kuma, Brown Creek, an kafa ta ranar 4 ga Agusta 1937 a mahaifar Bennett.

Tsarin samfurin ba shi da wuya. Mutum 25 masu noma a yanki su sa hannu a takardar buƙata, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, sannan a kaɗa ƙuri'ar raba gardama. In an amince, mutum 5 ne za su jagoranci gundumar, 3 zaɓaɓɓu, 2 naɗaɗɗu, galibinsu manoma ne da ba sa karɓar albashi. Su ke tsara aikin shekara, su yanke gonar da malami zai fara zuwa. Gundumomi da yawa sun mallaki injin gina kunyar tare ruwa suna ba da shi haya da arha. Ma'aikacin tarayya yana kawo ilimi, amma ta hannun gunduma yake shiga gona.

A jihohi da dama dokar ta ba gunduma ikon kafa ƙa'idar da za ta tilasta wa mai gona, muddin jama'a sun amince da ƙuri'a. Ba kasafai aka yi amfani da ikon ba. Mutum ba ya son kai maƙwabcinsa kotu alhali ranar Lahadi benci ɗaya za su zauna a coci. Kafin ƙarshen shekarun 1940 duk jihohi sun yi irin wannan doka, yau kuma gundumomin sun kai wajen 3,000.

Me ya haɗa kare ƙasa da ambaliya?

Ruwan da ya kwashe gonar tudu shi ne ke cika kogi da laka ya shiga gidajen mutanen kwari. Dokar hana ambaliya ta 1936 ta raba aikin biyu: manyan koguna na injiniyoyin soja, gonaki da ƙananan rafuka na ma'aikatar gona. Dokar 1944 ta ware yankuna 11 don gwada dabarar ma'aikatar gona, ciki har da kogin Washita na Oklahoma, inda ambaliyar Afrilu 1934 ta kashe mutum 17 a kusa da garin Hammon. Dabarar ita ce ƙananan madatsun ƙasa da yawa a kan rafuka, kowace da bututun da ke sakin ruwa a hankali cikin kwanaki, maimakon ya sauko gaba ɗaya cikin dare guda. An buɗe ta farko a rafin Cloud Creek kusa da Cordell a watan Yuli 1948. Zuwa 1953 an kammala guda 24 a rafin Sandstone Creek, wurin ya zama abin zuwa kallo.

Ina rigima ta shigo?

A Kansas. Tsakanin 9 da 13 ga Yuli 1951 an tafka ruwa a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi, kogin Kansas ya ɓalle ya mamaye garuruwan Manhattan da Topeka da Lawrence na jihar, ya kai Kansas City ya cinye karar shanu da mayankai da unguwannin ma'aikata irin su Armourdale. Asarar ta doshi dala biliyan ɗaya. Mutanen birni suka ce a gina manyan madatsu yanzu-yanzu, injiniyoyin soja kuma dama suna da zane a aljihu: madatsar Tuttle Creek a kan kogin Big Blue, wanda ke zuba cikin kogin Kansas, wadda majalisa ta amince da ita tun 1938 amma ba a ba da kuɗi ba.

Matsalar ita ce kwarin Big Blue ƙasa ce mai albarka, da garuruwa da coci-coci da maƙabartu. Mutanen kwarin suka ce ba za a nutsar da gonakinsu na har abada don a kare unguwannin da aka gina a bakin kogi ba. Hujjarsu ita ce a tare ruwan sama a inda ya sauka, da kunya da ciyawa da ƙananan madatsu. Matan kwarin ne suka ja ragama. Suka riƙa rubuta wasiƙu, suna cika motocin safa suna zaga garuruwa, suka gana da Shugaba Truman a Kansas City, suka bi Eisenhower har Denver yana ɗan takarar shugaban ƙasa. A zaɓen Nuwamba 1952 suka yi abin da ba a zata ba: a mazaɓar da ta daɗe a hannun jam'iyyar Republican, suka kayar da ɗan majalisa Albert Cole wanda ya goyi bayan madatsar, suka ɗora Howard Miller, manomi ɗan shekara 73 daga jam'iyyar Democrat.

Aiki ya tsaya. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin a 1955 majalisa ta sake sakin kuɗi, aka kammala madatsar a 1962. Garuruwa irin su Irving, Garrison, Cleburne da Stockdale suka tashi, Randolph kuma aka mayar da shi kan tudu. Sai dai hayaniyar ba ta tafi a banza ba. A watan Agusta 1954 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta buɗe shirin ƙananan madatsu ga ƙasar baki ɗaya, ga yankunan da ba su wuce eka 250,000 ba. Sharaɗin shi ne mutanen wuri su nema da kansu, su samar da filin, su ɗauki nauyin kula da madatsar bayan an gina. An gina fiye da 11,000, Oklahoma kaɗai tana da sama da 2,000.

Wane ɓangare ne ke da gaskiya?

Kowanne ya faɗi rabi ya ɓoye rabi. Masana ruwa biyu, Luna Leopold da Thomas Maddock, sun yi bayani a 1954 cewa ƙananan madatsu da gyaran gona suna rage ambaliyar da ke yawan aukuwa a kusa da su, amma in aka yi kwanaki ana ruwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar 1951, ba za su ceci birnin da ke can ƙasan kogi ba. Babbar madatsa kuma ba ta tsinana wa gonar da ke samanta komai. A 1993 Tuttle Creek ta cika har aka buɗe ƙofofin gaggawa, ruwa ya shiga gidajen da ke ƙasanta.

Yaya abin ya shiga rayuwar yau da kullum?

Ya zama biki, ya zama wa'azi, ya zama darasi. Gasar huɗa ta ƙasa tana tara dubban mutane, ana ba da kyauta ga wanda ya fi iya bin kwancen gangare, abin da a baya ake yi wa dariya. 'Yan siyasa suka gane wurin. Truman ya yi jawabi a gasar Dexter ta jihar Iowa a watan Satumba 1948, a ta Kasson ta Minnesota a 1952 kuma Eisenhower da abokin takararsa Adlai Stevenson suka hau dandamali a rana ɗaya. Daga 1955 ƙungiyar gundumomi ta ɗauki nauyin makon amanar ƙasa, tana aika wa fastoci takardun wa'azi. 'Yan makaranta na shiga rami suna gasar tantance ajin ƙasa. Bankunan ƙauye na shirya liyafar karrama manomin shekara, ba don Allah kaɗai ba, sun san gonar da ta zaizaye ba ta biyan bashi.

Kowa ya amfana?

A'a. Mai gona ne ke sa hannu, shi ke karɓar tallafi. Ɗan haya da mai noman raba amfani ba su da ta cewa. A kudu, inda wariyar launin fata ke aiki, baƙar fata ba su da wakilci a kwamitocin da ke raba taimakon, kuma a 1965 hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya tabbatar da wariya a hukumomin ma'aikatar gona. A North Dakota, madatsar Garrison ta nutsar da sama da eka 150,000 na ƙabilun Mandan, Hidatsa da Arikara, 'yan asalin ƙasar. Akwai sanannen hoton 1948 da ke nuna shugabansu George Gillette yana kuka a wurin sa hannu a takardar miƙa ƙasar. Su ba su da ƙuri'ar da za ta kayar da ɗan majalisa.

Masana ma sun yi nasu kuskuren. Sun raba wata ciyawa mai yaɗo ta Asiya, kudzu, suna biyan manoma har dala 8 a kan kowace eka don su shuka ta a kwazazzabai. Ta rufe kwazazzaban, ta zarce kan bishiyoyi da turakun lantarki. A 1953 aka cire ta daga jerin abin da ake tallafa wa.

Da fari ya dawo, aikin ya yi rana?

Ya dawo daga 1950 zuwa 1957, a Texas ma ya fi na baya tsanani. Ƙura ta sake tashi, amma ba a ga irin ƙaurar da mutane suka yi daga yankin a shekarun 1930 ba. Ba kunya da bishiyoyi kaɗai suka jawo haka ba: akwai tallafin farashi, akwai ban ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙananan manoma da yawa sun riga sun bar noma. A 1956 gwamnati ta fara biyan manoma su huta da wasu filaye su bar su da ciyawa, abin da ya kai eka miliyan 28 da ɗoriya a 1960.

Ƙananan madatsun kuwa, yawancinsu an zana su ne su yi shekara 50, kuma sun wuce wa'adin. A shekara ta 2000 majalisa ta yi dokar tallafa wa gyaransu. A watan Agusta 2018 ruwa ya fasa guda 5 a Coon Creek da rafin da ke maƙwabtaka da shi, hukumar da ta gina su kuma ta ba da shawarar a rushe kusan duka na yankin maimakon a sake gini.