Waiwaye: Yadda karatun muhalli da na gudanar da asibiti suka raba gari

Tun da annobar korona ta lafa ake kai ruwa rana a kan wata tambaya: wane ilimi ya kamata wanda zai riƙe ragamar asibiti ya samu a digirinsa na biyu? Wasu na ganin a bar shi da kasafin kuɗi da dokokin aiki da tsarin inshora, batun shara da hayaƙi kuma a bar wa masana muhalli. Wasu suna cewa wannan rabon shi ne ciwon. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Fabrairun 2022, wanda ya nuna cewa kayan kariya kimanin tan 87,000 da aka raba wa ƙasashe ta hannun Majalisar Ɗinkin Duniya, su takunkumi da safar hannu da riguna, galibinsu shara za su koma, alhali asibitoci da dama ba su da tsarin kawar da ita.

Mai sauraron muhawarar zai ɗauka jiya aka fara ta. Ba haka ba ne, kuma fannonin biyu asalinsu ɗaya.

Farkon labarin sananne ne. A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahotonsa kan ƙazantar unguwannin ma'aikata a Birtaniya, dokar lafiyar jama'a ta biyo baya a 1848, sannan a 1854 likita John Snow ya danganta ɓarkewar kwalara a Landan da ruwan wani famfo. A lokacin, jami'in lafiya da dubagari aiki ɗaya suke yi: ruwan sha, kwata, bola, hayaƙi. Da aka kafa makarantar lafiyar jama'a ta Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka a 1916, tsaftar muhalli tana cikin ginshiƙanta. Karatun gudanar da asibiti ya zo daga baya, a 1934, lokacin da Jami'ar Shikago ta buɗe kwas na farko a matakin gaba da digiri ƙarƙashin Michael Davis, kuma a makarantar kasuwanci aka ajiye shi. Sai hazon hayaƙin Landan na 1952 da ya kashe dubban mutane, da cutar Minamata, wadda gubar zaiba daga masana'anta ke jawowa, da aka gano a Japan a 1956, da taron Stockholm na 1972 da ya haifar da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai mazauni a Nairobi. Duk ɗalibin muhalli ya haddace waɗannan.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sauyin ofisoshi da ya faru a tsakani, kuma a ganina nan ne hanya ta rabu.

A Birtaniya, ma'aikatar lafiya da aka kafa a 1919 ita ce ke riƙe da gidaje da ruwa da magudanai. A 1951 aka kwashe waɗannan aka kai su wata ma'aikata ta daban mai kula da ƙananan hukumomi, ita kuma ta lafiya ta koma kan sabon tsarin jinya na ƙasa da aka soma a 1948. A Amurka abin ya fi fitowa fili. Kafin Disambar 1970, sashen yaƙi da gurɓatar iska, da na shara, da na tsaftar ruwan sha, duk suna ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da lafiya ne. Da aka kafa hukumar kare muhalli a wannan watan, aka ɗauke su gaba ɗaya aka mayar da su can, tare da ma'aikatansu da ɗakunan gwajinsu. Japan ta kafa tata hukumar a 1971, ƙasashe da yawa kuma suka bi sahu bayan taron Stockholm.

Matakin yana da hujja mai ƙarfi, kuma ya yi amfani ƙwarai. Gurɓatar kogi ba ta tsaya kan lafiyar mutum kaɗai ba, ta shafi kifi da gona da daji, ga shi kuma ana buƙatar hukuma mai haƙoran da za ta tunkari masana'antu. Iska da ruwa sun gyaru a wurare da dama saboda wannan. Amma an yi asarar wani abu da babu wanda ya lissafa, domin a bayan aikin gwamnati jami'a take tafiya. Inda guraben aiki suka koma, can manhaja take komawa. Makarantar gandun daji ta Jami'ar Yale da ke Amurka, wadda aka kafa a 1900, ta ƙara nazarin muhalli a sunanta a 1972, wasu jami'o'in ma suka buɗe nasu sassan. Ɗalibin muhalli ya koma koyon tantance illar manyan ayyuka, da dokokin hayaƙin masana'anta, da kula da albarkatun ƙasa. Ɗalibin gudanar da asibiti kuwa ya ƙara nutsewa cikin lissafin gadaje da albashi da biyan kuɗin jinya. Malamansu daban, mujallunsu daban, ƙungiyoyinsu daban. Asibiti, wanda yake ƙona shara da shan wuta dare da rana da zubar da ruwa mai ɗauke da magunguna kamar kowace masana'anta, sai ya faɗa tsakani: mai muhalli yana ganinsa wurin jinya ne, mai gudanarwa yana ganin hayaƙin bayan gini ba darasinsa ba ne.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A 1987 da 1988 igiyar ruwa ta riƙa watso sirinji da sauran tarkacen jinya a gaɓar tekun New York da New Jersey, har aka rufe wuraren shaƙatawa, aka yi dokar bin sawun sharar asibiti a 1988. Maganin da ya fi sauƙi shi ne ƙonawa. Sai ga shi a 1994 wani nazarin gwamnatin Amurka ya sanya injinan ƙona sharar asibiti cikin manyan hanyoyin fitar da dayoksin, gubar da ke samuwa idan an ƙona roba mai sinadarin kulorin ba a kan zafin da ya kamata ba. Wurin da aka gina don warkarwa yana hura wa maƙwabtansa abin da ke jawo sankara, kuma mutanen da ke tafiyar da shi ba mugunta suka yi ba, ba a koya musu ba ne. Haka zaibar da ke cikin ma'aunin zafin jiki ta daɗe tana zuba a ɗakunan jinya, har yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla kan zaiba, ta tanadi janye ta.

Akwai wani adadi da nake ganin ya isa ya nuna girman giɓin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti shara ce irin ta yau da kullum, kashi 15 ne kawai mai haɗari. Idan aka zuba su a mazubi ɗaya, duka sun zama masu haɗari, kuɗin kawar da su ya ninka. Raba su kuwa ba aikin injiniya ba ne. Aikin mai gudanarwa ne: ya sayi mazubai masu launi daban-daban, ya horar da masu shara, ya sa abin cikin kasafi. Ilimin yana wani sashen jami'a, ikon sa hannu yana wani.

Shi ya sa yunƙurin da ake gani yanzu ya fi kama da komawa gida. A 2019 wani nazari ya ƙiyasta cewa harkar lafiya ce ke fitar da kashi 4.4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. A Oktobar 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauki alkawarin kawar da kason da take fitarwa da kanta zuwa 2040, abin da ke nufin ana neman shugabannin asibiti da za su iya karanta lissafin hayaƙi kamar yadda suke karanta na kuɗi. Wasu jami'o'i sun fara ba da digiri biyu a haɗe, wasu suna cusa darasi ɗaya na muhalli cikin tsohuwar manhaja. A nan ne gardamar ta fi zafi, domin digiri na biyu shekara ɗaya ne ko biyu, kuma duk darasin da ya shigo sai wani ya fita. Malaman lissafin kuɗi ba sa son sakin sa'o'insu, malaman muhalli kuma suna ganin darasi ɗaya na zangon karatu ɗaya ba zai koya wa kowa yadda injin ƙona shara yake aiki ba.