Makarɓan nurotirofin a ƙwayoyin jijiya da cutar kansa

Nurotirofin wasu furotin ne da ƙwayoyin jijiya ke dogara da su don su rayu, su yi girma, su miƙa rassansu. Guda huɗu aka sani a jikin ɗan Adam: NGF, BDNF, NT-3 da NT-4. Ba sa kutsa kai cikin ƙwayar don isar da saƙo. Suna maƙalewa ne a jikin wasu furotin da ke bangonta, waɗanda ake kira makarɓa. NGF na kama TrkA, BDNF da NT-4 na kama TrkB, NT-3 kuwa ya fi kama TrkC. Akwai makarɓi na huɗu, p75, wanda dukansu ke iya kamawa.

Rita Levi-Montalcini ce ta fara gano NGF a farkon shekarun 1950 a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, bayan ta ga jijiyoyi sun yi cincirindo zuwa ga wani ƙari na kansar ɓera da aka dasa a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Stanley Cohen ya tace sinadarin, su biyun suka samu kyautar Nobel a 1986.

Yadda saƙon ke tafiya

Kowane Trk yana da sashe uku: na waje mai kama nurotirofin, na tsakiya da ya ratsa bango, da na ciki mai liƙa fosfet a kan sinadarin tairosin. Idan NGF ya iso, sai ya haɗa TrkA biyu wuri guda, kowanne ya liƙa wa ɗan'uwansa fosfet. Tairosin na 490 a jikin TrkA shi ke tayar da hanyoyin saƙo na cikin ƙwayar: hanyar Ras da MAPK mai sa rassa su tsiro, da hanyar PI3K da Akt mai hana ƙwayar mutuwa. Na 785 kuma yana jawo furotin PLC-gama, wanda ke sakin kalsiyam a cikin ƙwayar.

Tsawon jijiya shi ne matsalar. Bakinta na iya kasancewa a fatar yatsan ƙafa, cibiyarta kuma can kusa da lakar baya, tazarar da ta kai mita guda. Don haka ƙwayar takan haɗiye NGF tare da makarɓinsa cikin wata ƴar jaka, furotin dainin ya ja ta har cibiya. A lokacin da ɗan tayi ke girma, NGF ɗin da fata da sauran gaɓoɓi ke fitarwa ba ya isar kowa, kuma kusan rabin ƙwayoyin jijiya na wasu rukunoni kan mutu a wannan rububi. Shi p75 harshen damo gare shi. Yana taimaka wa TrkA ya riƙe NGF da kyau, amma idan ɗanyen NGF da ba a gama sarrafawa ba ya kama shi tare da wani furotin mai suna sotilin, umarnin mutuwa yake bayarwa.

Yaran da suka gaji lalatacciyar ƙwayar gado ta NTRK1, wadda ke samar da TrkA, daga uwa da uba ba sa jin zafin ciwo, ba sa kuma yin gumi. Sukan ciji harshensu har ya yanke, su yi tafiya a kan karyayyen ƙashi.

A cutar kansa

Ƙwayoyin gado NTRK1, NTRK2 da NTRK3, masu samar da TrkA, TrkB da TrkC, suna kan kuromosom na 1, na 9 da na 15. Idan kuromosom ya tsinke ya haɗe da wanda ba nasa ba, sashen ciki na Trk kan manne da kan wani furotin dabam. Sashen waje ya tafi ke nan, sabon kan kuma yakan haɗa su biyu-biyu da kansa, sai saƙon girma ya riƙa zuba ba dare ba rana. An fara ganin irin wannan a kansar hanji a 1986, shekara biyar kafin a gane cewa Trk makarɓin NGF ne.

A kansar huhu, hanji da nono da aka saba gani, haɗewar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma a wasu nau'o'i da ba su da yawa, irin su fibrosakoma ta jarirai da wata kansar nono da ta gilandin miyau masu tsattsafar da ruwa, haɗin ƙwayar gado ta ETV6 da NTRK3 kan kai wajen kashi 90. Nuroblastoma, wata kansar jijiya ta yara, hanyarta dabam. Nan ba haɗewa ake dubawa ba: yawan TrkA alama ce mai kyau, TrkB tare da ninkuwar ƙwayar gado ta MYCN kuwa alamar ciwo mai taurin kai ce.

Gwajin rina tsoka da ake fara yi don gano haɗewar yana da araha, sai dai yakan tsallake wasu haɗe-haɗen NTRK3, kuma tsokar da ke da asali da jijiya takan rinu ko babu haɗewa. Karanta DNA ma yakan yi tuntuɓe a dogayen giɓoɓin da ke cikin NTRK2 da NTRK3. Karanta RNA ya fi tabbas.

Hukumar FDA ta Amurka ta amince da larotrectinib, maganin da ke toshe aikin Trk, a Nuwamban 2018 ga kansa mai ƙari da ke da wannan haɗewa, ko a wace gaɓa take. Cikin marasa lafiya 55 na gwajin farko, ƙarin ya ragu a jikin kashi 75 cikin 100 daga cikinsu. Babba yana shan miligiram 100 sau biyu a rana. Entrectinib, miligiram 600 sau ɗaya a rana, ya biyo baya a 2019, kuma yana isa ƙwaƙwalwa. Illolinsu sun bi sawun aikin Trk a jijiya: jiri, ƙiba saboda TrkB na da hannu a jin ƙoshi, da ciwon jiki idan aka dakatar da magani farat ɗaya.

Bayan wani lokaci ƙarin kan bijire. Sauyin G595R a TrkA ko G623R a TrkC yana sa ɗaya daga tubalan furotin ɗin, ƙaramin gilaisin, ya koma ƙaton ajinin a bakin ramin da maganin ke shiga, ya tare masa hanya. An ƙera repotrectinib a dunƙule don ya shige duk da haka, an kuma amince da shi ga wannan rukuni a 2024. Idan kuwa ƙarin ya kauce ta hanyar KRAS, BRAF ko MET, sauya maganin Trk kaɗai ba ya wadatarwa.